Abin da Takardar ECG ke Faɗa a kan Zuciyar da Bugunta ya Rikice

Mutum biyar za su zo asibiti a Kaduna da kuka iri ɗaya. Kowa ya ce gabansa ne ke faɗuwa, ko zuciyarsa na bugawa fat-fat bai yi gudu ba, bai kuma ji tsoro ba. In aka bi diddigi sai a tarar da matsala biyar daban-daban. Wannan jininta ne ya yi ƙasa bayan haihuwa. Wancan goro da shayi mai kauri da rashin barci ne suka taru masa. Na uku wata ƙofa ce a cikin zuciyarsa ta ƙuntace tun daga ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a kula da shi ba. Ta huɗu maƙoƙo ne ke ingiza zuciyar. Na biyar kuwa maganin da ya saya a kemis ne. Bayanin baki ba ya raba su. Abin da ke raba su shi ne lantarkin da zuciya ke fitarwa, in an kama shi a takarda ta gwajin da ake kira ECG a daidai lokacin da abin ke faruwa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi aka fi mantawa da shi, shi ya sa mutane da yawa ke yawo da takardar da aka ce musu lafiya lau take, alhali abin da ke damunsu na nan.

Duk bugu ɗaya da ka ji a wuyan hannunka, kafin ya zo sai da wata 'yar wutar lantarki ta ratsa naman zuciya. Tana tashi ne daga wani ɗan curi a saman ɗakin dama na sama, wanda ke kunna ta sau 60 zuwa 100 a minti ga babban mutum da ke hutawa. Daga nan ta bazu cikin ɗakunan sama guda biyu, su matse, su tura jini ƙasa. Ba ta faɗawa ɗakunan ƙasa kai tsaye. Tsakanin sama da ƙasa akwai curi na biyu, shi ne zauren gidan, inda baƙo ke tsayawa sai an yi masa iso. Jinkirin bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba, amma shi ke ba ɗakunan ƙasa damar cika da jini. In ta wuce zauren sai ta bi hanya mai rassa biyu, dama da hagu, ta game ɗakunan ƙasa kusan lokaci guda, su matse tare.

Wannan tafiya ita ce ake gani a takarda. Ɗan tudun farko, P, ɗakunan sama ne. Tsinin da ke biye, QRS, ɗakunan ƙasa ne. Tudu mai faɗi na ƙarshe, T, shi ne ɗakunan ƙasa na komawa shirin bugu na gaba. Willem Einthoven, malami a birnin Leiden na ƙasar Holan, shi ya raɗa musu waɗannan haruffa, kuma aikin ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1924.

Takardar da kanta ma'auni ce. Tana tafiya milimita 25 a sakan, don haka ƙaramin akwati ɗaya sakan 0.04 ne, babban akwati mai ƙanana biyar sakan 0.2. A tsaye kuma, ƙananan akwatuna 10 su ne milibolt ɗaya, kuma a farkon layi na'ura na buga wani ɗan murabba'i mai wannan tsayi don a tabbatar ba a taɓa ma'aunin ba. In bugun na tafiya daidai, a ƙirga manyan akwatunan da ke tsakanin tsini biyu a raba 300 da su: akwati huɗu bugu 75 ke nan, akwati biyu 150. In kuwa bugun a rikice yake wannan lissafi ƙarya zai yi. Sai a ƙirga tsinin da ke cikin dogon layin ƙasa mai sakan 10 a ninka sau shida. Daga farkon P zuwa farkon QRS ya kamata a samu ƙananan akwatuna 3 zuwa 5. Faɗin QRS kada ya kai 3.

Kafin karatu, ɗauka

Rabin kuskuren da ake yi wajen karanta ECG tun a kan gado aka yi shi, kafin takarda ta fito. Marasa lafiyar Einthoven hannayensu da ƙafa suke tsomawa cikin bokitin ruwan gishiri don lantarki ya wuce. Yau ɗan manne ko ɗan ƙoƙon roba ake sawa, amma buƙatar ba ta sauya ba: dole fata ta bar saƙon ya wuce. A nan Kaduna yanayi na shiga cikin maganar sosai. Lokacin hunturu fata na bushewa ta yi furu-furu, sannan mutane su laƙaba basilin ko man kaɗanya, kuma dukansu biyu suna tare lantarki. A watan Maris da Afrilu zufa ce ke kwance mannen, layin ya riƙa hawa da sauka. Maganin ɗaya ne: a goge wurin da auduga da sifirit, a bari ya bushe, a ɗan gurza fatar da busasshiyar auduga, in da gashi mai yawa a ƙirji a aske daidai wurin. Mannen da ya daɗe a buɗe har ruwan cikinsa ya bushe a yar da shi.

Wayoyi goma ne, suna ba da kallo goma sha biyu, kowane da layinsa da sunansa a takarda: I, II, III, aVR, aVL, aVF, da V1 zuwa V6. Huɗu na gaɓoɓi: a tsarin Turai ja a hannun dama, rawaya a hannun hagu, kore a ƙafar hagu, baƙi a ƙafar dama. Na'urorin Amurka launinsu daban ne, saboda haka a karanta haruffan da ke jikin wayar, kada a dogara da launi. In aka musanya hannun dama da na hagu, layi na I zai kife gaba ɗaya, aVR kuma da ya kamata ya kalli ƙasa ya miƙe sama. Wanda bai lura ba sai ya ɗauka wata cuta ce babba.

Shida na ƙirji su ne aka fi ɓatawa. V1 yana zama a rami na huɗu tsakanin haƙarƙari, dab da ƙashin ƙirji ta dama, V2 a daidai wurin ta hagu. Ba a kintata wannan da ido. A sa yatsa a kan ƙashin ƙirji daga sama a gangaro har a ji wani ɗan tudu, haƙarƙari na biyu ke nan a gefensa, ramin da ke ƙarƙashinsa shi ne na biyu, sai a ƙirga zuwa na huɗu. V4 a rami na biyar, a layin da ya sauko daga tsakiyar ƙashin wuya. V3 tsakanin V2 da V4. V5 da V6 su bi V4 a layi ɗaya a kwance, V5 a gaban hammata, V6 a tsakiyarta. Yawancin masu sauri suna ɗora V1 da V2 can sama kusa da wuya, sai P ya kife, QRS ya fito da kunne biyu, a rubuta wa mai lafiya cutar da ba shi da ita. Ga mata, V4 zuwa V6 ƙarƙashin nono ake sa su. Wannan na buƙatar ma'aikaciya mace da labule da mayafi, domin in kunya ta sa aka manna su a kan riga ko a inda hannu ya kai kawai, gwajin ya tashi a banza.

Sai hayaniyar waje. Wutar Najeriya na kaɗawa sau 50 a sakan, kuma in soket ba shi da wayar ƙasa, ko janareta na aiki, ko caja na kusa da gado, layin zai yi kauri da ƙananan haƙora masu tsari ɗaya. A cire na'urar daga soket a ɗauka da batirinta, a nisanta wayar salula. Mai rawar sanyi, ko tsoho mai karkarwar hannu, kan ba da layin da ya yi kama da rikicewar ɗakunan sama. A lulluɓe shi, a sa hannayensa ƙarƙashin cinyoyinsa, ko a mayar da mannen hannu zuwa kafaɗa a rubuta a takardar cewa an yi haka. Hanyar gane hayaniya ita ce a bi tsinin QRS: in suna nan suna tafiya daidai a cikin hargitsin, ko wani layi ɗaya ya fito tsaf a lokaci guda, to ba daga zuciya ba ne.

Abin da na'ura ke bugawa da Turanci a saman takarda ra'ayi ne kawai, ba hukunci ba. Tana yawan kuskure a kan samarinmu. Siririn saurayi baƙar fata kan ba da tsini masu tsawo da ɗan tashin layi bayan QRS ba tare da wata cuta ba, kuma ga baƙaƙen 'yan wasa ana samun T a kife daga V1 zuwa V4 bayan irin wannan tashin, ana kuma ɗaukarsa lafiya. An tsorata iyalai da yawa da wannan rubutu na na'ura.

Karatun kansa

Tambayoyi huɗu ake yi wa layin, a jere. Sauri yake ko nawa? Tazarar tsini daidai take ko a rikice? QRS siriri ne ko mai faɗi? Akwai P kafin kowane QRS, da QRS bayan kowane P? Siririn QRS na nufin saƙon ya fito daga sama ya bi hanyarsa. Mai faɗi na nufin ko dai daga ɗakunan ƙasa ya tashi, ko ɗaya daga cikin rassan biyu ya toshe.

Mafi yawan masu faɗuwar gaba, in aka kama su, abin da ake gani shi ne bugu 100 zuwa 130, daidai, siriri, kowane da P ɗinsa. Lantarkin lafiya yake, jiki ne ke neman ƙari. A nan sai a bar zuciya a nemi mai ingiza ta: ƙarancin jini, zazzaɓi (kowane digiri ɗaya kan ƙara wajen bugu 10), ƙishirwa a zafin bazara ko cikin azumi, juna biyu, maƙoƙo mai aiki fiye da kima, goro, lemon ƙarin kuzari, Ventolin na masu asma, ko damuwa. Ba wa irin wannan mutum maganin rage bugu ba tare da an auna jininsa ba ɓata lokaci ne, ga mai ƙarancin jini kuma cutarwa ne. Haka nan yaro ko matashi da bugunsa ke ƙaruwa in ya ja numfashi ya ragu in ya fitar, wannan ba cuta ba ce.

Wadda ta fi damuna ita ce rawar ɗakunan sama, wadda likitoci ke rubutawa AF. A nan ɗakunan sama sun daina matsewa, saƙonni 350 zuwa 600 a minti na yawo cikinsu ba tsari, zauren kuma na barin wasu su wuce yadda ta kama. A takarda babu P, layin ƙasa na ɗan karkarwa, tazarar tsini kuma ba ta maimaita kanta ko sau ɗaya. Hanya mai sauƙi: a ɗora gefen wata takarda a kan layin, a yi alama a kan tsini uku, a matsa da ita gaba. A AF alamomin ba za su sake dacewa ba. Ana tabbatar da ita da cikakken ECG, ko da layi ɗaya da ya nuna ta na aƙalla sakan 30. A 1998 likitoci a birnin Bodo na Faransa, ƙarƙashin Michel Haïssaguerre, suka nuna cewa tartsatsin da ke tayar da ita yawanci daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu yake fitowa, kuma a kan wannan aka gina aikin ƙona wuraren ta cikin jijiya.

Haɗarinta ba a jin bugun yake ba. Jinin da ke kwance a ɗakin da ba ya matsewa yana daskarewa, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. AF na ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, kuma mutane da yawa ba sa jin komai har sai hakan ta faru. Shi ya sa gano ta rabin aiki ne, sauran rabin shi ne gano abin da ya haife ta, kuma takardar na ba da haske. Tsini masu tsawo ƙwarai, in zurfin S (ɓangaren QRS da ya kalli ƙasa) a V1 da tsayin R (wanda ya miƙe sama) a V5 ko V6 suka haɗu suka kai milimita 35 ga mai shekaru, na nuni da naman zuciya da hawan jini na shekaru ya kaurara. In akwai tsohuwar takarda tun kafin rikicewar aka ga P mai faɗi da kai biyu a layi na II, ɗakin hagu na sama ya buɗe, kuma ga matashi ko mace 'yar shekara talatin a ƙasar nan abin da ake fara zargi shi ne ƙofar hagu da ta ƙuntace sakamakon zazzaɓin gaɓoɓi da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro. Hoton zuciya na eko ne ke tabbatarwa, tare da gwajin jini na maƙoƙo.

Bambancin na da muhimmanci domin magani ya rabu a nan. Mai AF da hawan jini, ko ciwon suga, ko shekaru 65 zuwa sama, ko wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, likita na auna haɗarinsa ya ba shi maganin hana daskarewar jini, kuma sababbin magungunan na yi masa. Mai ƙuntatacciyar ƙofa kuwa warfarin ne nasa, tare da gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, a kai a kai don a riƙe shi tsakanin 2 da 3. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya haɗa da ƙasashen Afirka, ya nuna cewa a irin waɗannan marasa lafiya masu shan warfarin sun fi masu shan ribaroksaban, ɗaya daga cikin sababbin, tsira. Asfirin kaɗai ba ya wadatarwa a kowanne.

'Yar'uwar AF ita ce wadda saƙo ɗaya ke zagaye ɗakin dama na sama wajen sau 300 a minti, zauren na barin ɗaya cikin biyu. Layin ƙasa kan yi haƙoran zarto a II da III da aVF. Duk bugun da ya kafe a 150 ba ya gaba ba ya baya, a nemi haƙoran nan, domin rabinsu na ɓuya cikin QRS da T. Haɗarin gudan jini a nan ma yana nan.

Akwai kuma wanda zai ce maka yana zaune kawai abin ya tashi farat ɗaya, ya yi minti goma ko awa ɗaya, ya tsaya farat ɗaya, wani lokaci ya biyo da yawan fitsari. Wannan labari kaɗai ya isa a yi zargin SVT: bugu 150 zuwa 250, siriri, daidai, P ya ɓace cikin QRS. Saƙo ne ke kewaya a cikin zauren ko ta wata ƙarin hanya. Sau da yawa 'yan mata ne, kuma sau da yawa an shekara ana ce musu tsoro ne ko iska, saboda kafin su iso asibiti ya lafa. A asibiti ana karya shi da yunƙuri: mara lafiya na zaune a jingine ya hura cikin sirinji mai mililita 10 har sandar ta motsa, na sakan 15, nan take a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa na wasu sakan 15. A gwajin da aka yi a Ingila aka wallafa a 2015, wannan ya dawo da bugun mutum 43 cikin 100, tsohuwar hanyar kuwa 17. In bai yi ba sai allurar adenosin. Ko wanne za a yi, a bar takarda na tafiya, domin yadda bugun ya karye shi ke nuna asalinsa. Bayan ya lafa a sake cikakken ECG. In aka ga tazarar P zuwa QRS ba ta kai akwati 3 ba, QRS kuma ya fara da ɗan gangare kafin ya miƙe, to akwai ƙarin hanya da ke tsallake zauren, abin da Wolff da Parkinson da White suka bayyana a 1930. Dole a san wannan, domin in mai irin wannan hanya ya shiga AF aka ba shi magungunan rage bugu irin digoksin ko berafamil, an rufe zauren an bar ɗaya hanyar a buɗe, kuma hakan na iya kashe shi.

Masu cewa zuciyarsu na tsallake bugu, ko tana tsayawa sannan ta buga da ƙarfi, yawanci ƙarin bugu ne da ya zo kafin lokacinsa. In daga ɗakunan ƙasa ya fito zai zama mai faɗi, ba P, sai ɗan hutu ya biyo. Bugun da ke bayan hutun shi mutum ke ji, saboda zuciyar ta cika sosai. A zuciya mai lafiya kaɗan daga cikinsu ba komai ba ne. Yawansu ne abin dubawa: zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a yini, kuma in irin waɗannan suka wuce kashi 10 cikin 100 suna iya raunana naman zuciya a hankali. Haka in suna zuwa da siffa daban-daban, ko biyu-biyu da uku-uku, ko suna ƙaruwa da motsa jiki.

Bugu mai sauri kuma mai faɗi, a ɗauke shi daga ɗakunan ƙasa yake har sai an tabbatar da akasin haka, ko da mutum na zaune yana magana. Wannan shi ne mai kisa, kuma yakan tashi ne a zuciyar da ta riga ta yi rauni ko tabo. A yankinmu ba za a yi wannan magana a tsallake masu jego ba. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, cikinsu har da Eldryd Parry, suka bayyana yawan raunin zuciya bayan haihuwa a nan, suka danganta shi da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi da kunun kanwa, wadda gishirinta ke tara ruwa a jiki. Binciken baya ya nuna cutar na kama har waɗanda ba su yi waɗannan al'adu ba, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Mai jego da ke haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai da matashi biyu ko uku, gabanta na faɗuwa, ba gajiyar haihuwa ba ce. ECG ɗinta zai iya nuna sauri kawai da T a kife, don haka kada a tsaya a kansa, a kai ta eko.

Sai abin da magani da gishirin jini ke yi, wanda takarda ke nunawa tun kafin bugu ya rikice. Tazarar farkon QRS zuwa ƙarshen T ita ce QT. Ana gyara ta da saurin bugu, kuma bayan gyaran ya kamata ta tsaya ƙasa da sakan 0.45 ga maza, 0.46 ga mata. In ta wuce 0.50 an shiga haɗarin wani bugu mai murɗawa da ke sa suma ko mutuwar fuju'a. Duban gaggawa: in bugu na tsakanin 60 da 100, T ya kamata ya ƙare kafin rabin tazarar tsini biyu. Magungunan da ke ja da QT suna da yawa: kwinin, kulorokwin, Halfan, eritromaisin da azitromaisin, siprofuloksasin, haloferidol, wasu magungunan amai, da bedakwilin na tarin fuka mai gardama. Ɗaya kaɗai sau da yawa ba ya yin komai. Haɗa biyu ko uku, ga mai amai da gudawa da gishirin jikinsa ya zube, shi ne ke kawo masifa. Fotasiyam, ɗaya daga cikin gishirin jini, ya kamata ya zauna tsakanin 3.5 da 5.0. In ya yi ƙasa, kamar ga mai shan Lasix, maganin fitar da ruwa, ba gwaji, T na kwanciya, wani tudu ya fito bayansa, kuma digoksin na zama guba a adadin da dā ba ya cutarwa. In ya yi sama, kamar ga mai ciwon ƙoda, T na yin tsini, P ya ɓace, QRS ya yi ta faɗi. Wannan takarda ba ta jiran sakamakon ɗakin gwaji. Duk mai zuwa gwaji ya zo da kwalayen magungunansa duka a leda, har da na gargajiya.

Nawar bugu magana ce gajera. Bugu 50 ga ɗan ƙwallo ko mai barci lafiya ne. In tazarar P zuwa QRS na ƙara tsawo har bugu ɗaya ya faɗi sannan a sake farawa, yawanci mai sauƙi ne. In bugu na faɗuwa ba gargaɗi, ko P na tafiyarsa daban QRS na tafiyarsa daban a 30 zuwa 40, hanyar ta yanke. Tsoho mai jiri da faɗuwa da irin wannan takarda na'urar saita bugu yake buƙata, bayan an tabbatar ba atenolol ko digoksin ko fotasiyam ne suka jawo ba.

In abin ba ya nan lokacin gwaji

ECG na asibiti sakan 10 ne kawai cikin sakan 86,400 na yini. In abin na zuwa yana tafiya, sai a daidaita tsawon sa ido da yawan zuwansa. Mai jin sa kullum, na'urar Holter, wadda ake maƙala wa mutum ta riƙa ɗaukar ECG na awa 24 zuwa 48, ta ishe shi. Norman Holter na jihar Montana a Amurka ne ya ƙirƙiro ta, ta farkon a 1947 ta kai kusan kilo 38 ana goya ta a baya, ta yau kuwa aljihu take shiga. Mai jin sa sau ɗaya a mako na buƙatar mannen da ke kwana 7 zuwa 14. Mai suma sau biyu a shekara, akwai 'yar na'urar da ake sawa ƙarƙashin fatar ƙirji ta yi wajen shekara uku. Sa wa mai matsalar wata-wata Holter ta yini ɗaya asarar kuɗi ce. Likitan zuciya ne ke zaɓa, kuma a jihar nan manyan wuraren da ake tura irin wannan su ne asibitin koyarwa na Barau Dikko a cikin gari da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Holter ba ta da amfani sai da littafin rubutu. Mutum ya yi harkarsa yadda ya saba, ya je kasuwa, ya hau bene, ya ci goronsa in yana ci, domin wanda ya kwanta a ɗaki don an sa masa na'ura ya ɓoye abin da ake nema. Da ya ji abin ya danna maɓallin, ya rubuta lokaci da minti, me yake yi, me ya ji. A daidaita agogonsa da na na'urar tun farko. Alwala ba matsala, wanka ne sai an cire, kuma a lokacin zafi a ƙara filasta a kan mannen. Likita zai ɗora rubutun a kan layin. In ya rubuta faɗuwar gaba da ƙarfe 4:20 aka ga bugun daidai yake a lokacin, wannan ma amsa ce, a nemi dalili a wani wuri. In bai ji komai ba cikin kwanakin, gwajin bai amsa tambayar ba, ko da an rubuta lafiya.

Agogon hannu iri biyu ne. Mai koren haske a bayansa jini yake ƙirgawa, zai iya cewa bugu ya rikice amma ba ya nuna P. Wanda ake ɗora yatsa a kai na sakan 30, irin Apple Watch (ko 'yar na'urar KardiaMobile, wadda ita ba agogo ba ce), yana ba da layin ECG ɗaya na gaske da likita zai iya karantawa. Wanda ba shi da ko ɗaya yana da yatsu: biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga minti ɗaya cur, a rubuta adadin da ko daidai yake ko a rikice. In na'urar awon hawan jini na yawan nuna alamar rikicewar bugu, a je a yi ECG. Kuma in abin ya tashi ya daɗe, a nufi wuri mafi kusa da ke da na'ura a ɗauka yana kan yi, kada a jira ranar ganin likita. Wanda ya haɗa da suma, ciwon ƙirji, haki, ko a danginsu an taɓa yin mutuwar fuju'a a ƙuruciya, sashen gaggawa zai nufa, kuma ba shi zai tuƙa ba.

Takardar ECG da zafi ake buga ta, ba da tawada ba. Rana da zafin mota na goge ta cikin watanni, in aka kai ta a manne ta da leda mai zafi kuma baƙi za ta yi gaba ɗaya. A ɗauki hotonta da waya a ranar, a shimfiɗe, daga sama kai tsaye, yadda akwatunan da layuka goma sha biyun da kwanan wata za su fito, sannan a yi fotokwafi a ajiye cikin ambulan. A bayanta a rubuta ko ana jin faɗuwar gaban lokacin da aka ɗauka ko ba a ji, da magungunan da ake sha a makon.